Akushin Baba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar wata Talata da hantsi, bayan ɗan zazzaɓin da bai daɗe a jikinsa ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Maza suka dawo suka baza tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, mata kuma suka cika tsakar gida har bakin turken awaki.

Kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce tun yana yaro yake ganin Baba a sahun gaba, kuma bai taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Mutanen unguwar bayan rafi, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne yanzu, suka zo da damin dawa, babbansu ya ce a shekarun wahala Baba ne ya ba su iri bayan sun cinye nasu. Maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda suka tashi tare da Baba tun suna kiwon awaki, shi gefe ya koma. An ce ya zauna a gurbin da suke cin abinci tare, yana ta share ƙasa da tafin hannu.

Ni ina ciki ina zagayawa da ruwa, ina amsa "ya haƙuri", har la'asar ta yi, sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, an sauke ta a babur daga ƙauyensu na wajen Kunci. Ba ta riski jana'iza ba. Ta zauna a tsakiyar mata ta yi kukanta, kuma kuka ne na gaskiya, don su biyu suka rage a ɗakinsu. Da ta share hawaye sai ta ce, da muryar da har na zaure zai ji:

"Ɗan'uwana ya huta. Ya tafi inda ba za a auna masa tuwo ba."

Mata suka sadda kai ƙasa. Babu wadda ta kalle ni, kuma rashin kallon ya fi min ciwo. Na durƙusa na miƙa mata moɗar ruwa, ta shanye tas, ta miƙo min na ƙaro, ta sake shanyewa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce, shekara da shekaru tana bina. A garin nan idan aka ce "surukar da ta ɗora tsoho a kan ganye", ba sai an ambaci suna ba, ni ce. Lokacin da Baba yake raye ban cika damuwa ba, don mai akushin yana nan kowa yana ganinsa. A ranar kuwa na ji tsoro, saboda na san abin da aka faɗa a zaman makoki shi yake zama gaskiya a bakin 'yan baya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don jikokinsa su san wane ne kakansu, su kuma san abin da ke cikin akushin nan da dalilinsa.

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan Baba yake ce min Amarya. Na haihu, na yaye, na aurar, furfura ta fito min, ban tashi daga Amarya ba. Ni kuwa, kamar kowace suruka, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Gaisuwar safe daga nesa a durƙushe, shi ke nan zancenmu. Da Allah ya yi wa Inna, matarsa, rasuwa, girkinsa ya dawo hannuna gaba ɗaya, sai akushi ya zama shi ne bakinmu. Idan ya dawo a suɗe, an yaba. Idan ya dawo da saura a gefe, yaji ya yi yawa ko tuwo ya yi tauri. Shi ma ya san haka, don duk sa'ad da zai ɗaga faifai sai ya ce, "To, mu ji abin da Amarya ta ce yau."

Manomi ne na gaske. Gonakinmu na nan ba su da faɗi kuma ba sa hutawa, iyakar wannan a jikin ta wancan. Baba yana shuka gero da dawa, ya ratsa wake a tsakani, ya ware gefe ya sa gyaɗa, ya kewaye da zogale. Da rani yana kwasar takin turke a mangala, jaki ya yi ta jigila zuwa gona. Ba shi da yawan magana, ba shi da faɗa, amma yana da rauni ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi don ya rasu ba: Baba yana son zaƙi. Ba ya dawowa daga kasuwar Minjibir ba tare da mazarƙwaila a aljihu ba. Wai ta jikoki ce. Jikoki suna samun rabonsu, amma ba su suke cin babban kason ba.

Abincin yamma kuwa ba a cikin gida yake ci ba. Bayan magariba dattawan layinmu suna haɗuwa ciyayya a gindin darbejiya, kowane gida ya fito da kwanonsa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. Maza suna cewa zumunci ne. Mu mata mun san akwai wani abu bayan wannan: hankalinki da ƙazantarki da rowarki duk a nan ake buɗe su kullum, kuma kafin gari ya waye labari ya shiga kowane gida. Ina sabuwar zuwa na taɓa yin tuwon da bai nuna ba, ga gudaji. Baba yana kai lomar farko ya ja kwanon gabansa, ya ce yau da yunwa ya dawo daga gona, a yafe masa wannan. Shi kaɗai ya cinye shi don kada hannun wani ya shiga. Sai da aka jima maigidana ya gaya min.

Sai shekarun wahala suka zo. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, shekarar da ta biyo ma ba ta fi ta ba, takin zamani ya gagari talaka, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. Kafin a yi shuka mun ga ƙasan rumbu. Mata muka koma bin gefen gonaki muna tsinkar tafasa da rama da zogale, a dafa, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, idan akwai wake a watsa. Kowa yana ci, kowa yana ɓoyewa. 'Yar tsabar da ta rage ita ake tuƙawa a sa a kwanon da zai fita ciyayya, don asirin gida ya rufu.

A lokacin ne Baba ya fara rama. Riga ta yi masa yawa, wuyansa ya zurma. Ga ƙishirwa, yana shan ruwa kamar an aiko shi, ga yawan zagayawa bayi. Muka dubi juna muka ce yunwa ce, me kuma zai ramar da mutum a irin wannan shekara? Mun ma san yana rage nasa ya miƙa wa jikoki. Maigidana ya aika wa ƙanensa, wanda yake aikin birkila a Rijiyar Zaki cikin Kano, cewa tsoho fa yana ƙarewa. Bawan Allah ya matse bakinsa ya riƙa aiko da shinkafa da suga da madarar gwangwani, wani lokaci har da burodi. Muka yanke shawara babu mai taɓa ko ƙwaya, duk na Baba ne.

Da safe shayi mai kauri, suga har sai ya kwanta a gindin kofi, da burodi. Da rana shinkafa fara sol, a cika akushi. Ranar kasuwa lemon kwalba. 'Ya'yana suna cin tafasa suna kallon akushin kakansu yana wucewa, ban kuma ji komai ba, don a ganina haƙƙi muke saukewa. A lokacin babu surukar da ta kai ni suna. Gwaggo da ta zo ganin gida har kafaɗata ta dafa, ta ce ni 'yar albarka ce. Baba kuwa kullum ƙara lalacewa yake. Ganinsa ya fara dishi-dishi, ya daina iya duba Alƙur'aninsa sai dai ya karanta da ka. Wata safiya ina shara na ga kiyashi sun yi dandazo a inda ya yi fitsari a makewayi. Na kira maigidana na nuna masa. Shi ma bai san ma'anar abin ba, amma nan take ya ɗauki Baba sai asibitin Minjibir.

Sun dawo da magani da kuma saƙo: malamar asibiti ta ce a zo mata da mai yi masa girki. Na shirya na je. Mace ce mai fara'a, ta zaunar da ni ta ce Baba yana da ciwon suga, jininsa kuma ya hau. Ta tambaye ni abin da yake ci, na lissafa mata da alfaharina. Ta riƙe haɓa.

"Baiwar Allah, ramar nan ba ta yunwa ba ce. Jikinsa ne ya kasa sarrafa zaƙi, sai ya taru a jini yana cin sa. Duk abin da kuke ba shi don ya murmure, shi yake ƙara kwantar da shi."

Na ce, "To me za mu ba shi, Malama?"

Ta ce suga da lemo da mazarƙwaila a yi sallama da su. Shinkafa da burodi a ja baya da su sosai. Tuwon dawa ko na gero ba a hana shi ba, amma kada ya wuce dunƙulen hannunsa, sauran akushin a cika da ganye da wake da miyar kuɓewa ko kuka. Gishiri da kayan ɗanɗanon kanti a rage saboda hawan jinin, daddawa ta isa. Ya riƙa shan maganinsa, ya kuma riƙa duba ƙafafunsa, don ciwon yana kashe jin ƙafa, kuma rauni ba ya saurin warkewa.

Dariya ta kusa kuɓuce min. Na ce, "Malama, abin da kike lissafawa ai shi muke ci ni da yara, don ba mu da wani."

Ta ce, "To ku yi musanya."

Muka yi musanya. Shinkafar da ta rage ba zubarwa za a yi ba, yara suka samu. A ranar akushin Baba ya fita ciyayya da kwaɗon zogale da dafaffen wake da 'yar malmalar tuwo a gefe. Maigidana yana wajen, shi ya ba ni labari. Baba ya ɗaga faifai ya ce mu ji abin da Amarya ta ce, sai hannuwan da suka miƙo suka tsaya a hanya. Maƙwabcinmu ya ce, "Malam, ko an yi kuskuren kwano ne?"

"Ba a yi ba," in ji Baba. "Ni da akuyar gidanmu yanzu girkinmu ɗaya. Bambancin dai ni ana sa min ƙuli."

Aka yi dariya. Ya gaya musu abin da asibiti suka ce, amma babu wanda ya yarda. Ciwon suga ai na Alhazan birni ne masu tumbi, ina manomi ya ga sugan da zai yi masa yawa a shekarar yunwa? Ga shi kuma an ga jikokinsa a ƙofar gida da ƙwayar shinkafa a gefen baki. Abin ya zo wa kowa da sauƙin fassara: suruka ta karkatar da abincin tsoho ga 'ya'yanta. Don tausayi dattawan suka riƙa tura masa kwanukansu, shi kuma dole ya riƙe hannunsa. Duk wanda ya san ciyayya ya san nauyin a tura maka kwano ka ƙi sa hannu. Maƙwabcinmu ya yi fushi har ya daina fito da nasa na wani lokaci, wai tunda ana ƙyamar girkin gidansa.

Kada a ɗauka Baba waliyyi ne a wannan fanni. Wata rana na ɗauko rigarsa zan wanke, na ga kiyashi sun ja layi zuwa aljihu. Na zura hannu, ga guntun mazarƙwaila da shatin haƙori a jiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ina shan zagin gari a kanka, kai kana can kana gatsa a ɓoye? Amma suruka ba ta da bakin faɗa wa surukinta haka. Da rana na zuba abinci, na rufe da faifai, na ɗora guntun a kan faifan, na bayar aka kai masa zaure. Akushi ya dawo a suɗe, mazarƙwaila tana zaune a inda na ajiye ta, ba a taɓa ba. Wannan shi ne faɗa mafi zafi da muka taɓa yi da Baba, kuma ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninmu ba. A hankali jiki ya fara dawowa, ƙishirwar ta lafa, ya koma buɗe Alƙur'aninsa, da damina ta kama ya ɗauki fartanya.

Labari kuwa ya riga ya kai wajen Kunci. Ana gab da girbi Gwaggo ta iso da ƙullin kayanta da ƙwaryar nakiya. Ko zama ba ta yi ba ta wuce madafa, ta buɗe tukunyata ta leƙa.

"Wannan na wa?"

"Na Baba ne, Gwaggo."

"Uban mijinki? Mutumin da ya ciyar da unguwa guda? Ke a gidanku haka ake ba ubanki?"

Na ce asibiti ne suka ce. Ta ce ba asibiti suka haife shi ba, kuma a ɗakinsu ba a taɓa yin wannan ciwo ba. Ta karɓi muciya daga hannuna, ta ce daga yau ita za ta yi wa ɗan'uwanta girki. Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce in yi haƙuri, ba zai iya ja da gwaggonsa ba, kwana nawa ma za ta yi? Har yau idan na tuna shirun nan nasa sai na ji zafi, ya kuma sani. Baba ma bai hana ta ba. Ƙanwarsa ce tilo, ta taso takanas saboda shi, kuma mu faɗi gaskiya, nakiyar Gwaggo babu irinta a yankin nan.

Gwaggo ta sayar da tunkiyarta ta sayi shinkafa da suga. Wannan ba zan manta mata ba, don a irin wannan shekara ba kowa zai yi ba. Akushi ya koma fita ciyayya fari tas, mai yana ƙyalli, dattawa suka yi ta sa albarka, ni kuma ina lura da randa tana ƙarewa da wuri kamar da. Ana tsakiyar yankan dawa tsinin kara ya soki Baba a babban yatsan ƙafa. Bai ji ba. Sai da wari ya fara fita aka lura. Aka sa masa duk abin da aka sani, ƙafa sai ƙara kumbura take tana baƙi, daga Minjibir aka tura su babban asibiti a Kano. Ya dawo bayan makonni yana dogara sanda, babu yatsan. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi.

Gwaggo ta ce ganyen da aka daɗe ana ba shi ne ya tsotse masa jini, shi ya sa jikin ya kasa yaƙar ɗan ciwon kara. Ta ɗaure kayanta ta tafi, ba ta yi min sallama ba.

Washegari da hantsi ina bakin murhu sai na ji ƙarar sanda a bayana. Dattijon gida ba ya zuwa madafa, ni dai ban taɓa ganin Baba ya taka wajen ba. Na juya na gan shi tsaye, akushi a hannunsa. Na zube a ƙasa na ja mayafi.

"Amarya," ya ce, "da bakina na ci, ba wanda ya ɗura min. Kada ki riƙe ƙanwata a rai, so ne ya sa ta. Ga akushinki."

Na sa hannu biyu na karɓa.

"Mutane ba za su daina magana ba. Za ki iya?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Idan Baba zai iya ci, ni zan iya dafawa." Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa. Ya yi 'yar dariya ya juya, ina jin sandarsa har zaure. Na zauna na yi kukan da ban yi ba duk tsawon zaman Gwaggo.

Shekarun wahala suka wuce, rumbuna suka sake cika, kowa ya bar tafasa kamar bai taɓa cinta ba, amma akushin Baba bai canza ba. Na koyi juya shi don kada ya gundure shi: yau zogale, gobe rama, jibi faten wake da yakuwa. Fura 'yar kaɗan da nono, ba suga. Gauta da yalo suka gaji gurbin mazarƙwaila a aljihu, kuma su kam jikoki ba sa rububinsu. Ban ce ganye ya warkar da shi ba. Ciwon yana nan har ya koma ga Allah, yana shan magani idan an samu, akwai kuma watannin da ba a samu ba, a irinsu akushin ne kaɗai abin da muke da shi. Maƙwabcinmu da kansa, da jiri ya fara ɗibarsa aka ce jininsa ya hau, ya koma zama kusa da akushinmu, yana ci yana ƙorafin rashin gishiri.

Amma sunan bai bar ni ba. A gidan biki idan ana raba aiki sai wata ta ce kada a ba ni tukunya, kar baƙi su koma da yunwa, a yi dariya, ni ma in yi. Abin ya daina ba ni dariya lokacin da aka zo neman auren babbar 'yata. Dangin yaron suka yi bincike, aka ce musu yarinya ba ta da aibu, sai dai uwarta marowaciya ce, ku dubi abin da take yi wa uban mijinta. Magana ta tsaya cak. Baba ya ji, bai gaya wa kowa ba, ya ɗauki sandarsa ya taka har ƙauyensu. Kawun yaron ne ya ba da labarin daga baya. Ya ce bayan an gaisa tsohon ya cire takalminsa a gaban mutane, ya miƙe ƙafa, ya nuna gurbin yatsan.

"Wannan na shinkafa da suga ne," ya ce. "Sauran da kuke gani na ganyen Amarya ne. Idan yarinyar ta gado uwarta, ku yi hanzari kafin wasu su riga ku."

An ɗaura auren bayan kaka. Maza da yawa sun yarda daga ranar. Mata kuwa suna da hujjarsu: ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ba ta janye maganarta ba, kuma wa ya fi ta sanin ɗan'uwanta?

Baba ya ga auren jikoki, ya ɗauki 'ya'yansu a cinya. A safiyarsa ta ƙarshe na dafa masa wake ya yi laushi sosai, maigidana ya kai masa. Ya ce da ƙyar ya buɗe ido, amma da ya ga faifai sai leɓensa ya motsa, ya ce mu ji abin da Amarya ta ce. Loma biyu ya yi. Akushin ya dawo min da abincinsa a ciki, na karɓa, na kuma gane sallama yake yi min.

To, mu koma zaman makoki. Gwaggo ta zauna da mu har zuwa sadakar bakwai, kuma ni ce mai kai mata ruwa. Na daɗe ina lura da irin wannan jiki, ba zan kasa gane shi ba. Na ga yadda take shanye moɗa ta nemi ƙari, na ga yawan tashinta zuwa bayi, na ga zanenta ya zagaye ta har ya yi saura. Mai gaisuwa za ta durƙusa a gabanta, ta yi ta ƙanƙance ido sai an faɗa mata ko wace ce. Wata safiya na shiga makewayi da tsintsiya bayan fitowarta, na ga kiyashin da na san zan gani.

Ana ta dafa shinkafa saboda baƙi, 'yan birni kuma sun kawo lemo katan-katan, kowa ya zo sai ya tura wa Gwaggo nata don ita ce babba. Na yi ta juya abin a raina. Idan na yi shiru babu mai ganin laifina. Idan na kai mata ganye a gaban matan nan, bayan abin da ta faɗa, za a ce rama zagi nake yi ƙasar kabarin ɗan'uwanta ba ta ko bushe ba, kuma sunan nan ya zauna min ke nan har mutuwa. Na ji haushinta, ba zan ce ban ji ba. Amma na tuna wanda ya taka har madafa da sanda ya ce kada in riƙe ta a rai.

Ranar sadaka da rana, tsakar gida a cike, na sauko da akushin Baba daga inda na kife shi. Na kwaɗa zogale, na zuba wake, na sa 'yar malmalar tuwon dawa a gefe, na rufe da faifansa. Na ratsa mata na durƙusa a gaban Gwaggo na ajiye. Kowa ya san akushin.

Ta ɗaga faifai ta daɗe tana kallo. Ina jiran ta watso min shi a jiki. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaushe kika gane?"

"Tun ranar da kika sauka, Gwaggo."

"Sun gaya min a asibitinmu tun kafin azumi," ta ce. "Da wane ido zan zo in tambaye ki?"

Na matso mata da akushin. Ta ture farantin shinkafar da ke gabanta gefe, ta wanke hannu, ta yi bisimilla. Ta kai loma tana taunawa a hankali, hawaye yana sauka.

"Haka yake ci kullum? Ba gishiri?"

"Akwai kaɗan."

"Ba daɗi," ta ce, ta sake kai wata lomar. Ta ci har ta suɗe gefen akushin da yatsa, yadda yake yi. Sannan ta dubi matan da suka yi tsuru-tsuru, ta ɗaga muryar nan tata da har na zaure yake ji.

"Me kuke kallo? Abin da ya riƙe min ɗan'uwana ne shekara da shekaru." Ta miƙo min akushin da hannu biyu. "Amarya, gobe ma ki zubo min."

Tunda aka kawo ni gidan nan mutum ɗaya ne yake kirana da wannan suna, kuma na ɗauka an binne sunan tare da shi. Na karɓi akushin na koma madafa, ban iya ganin hanya sosai ba.

Gwaggo tana nan tare da mu, maigidana yana kai ta Minjibir karɓar magani, kuma kullum sai ta yi ƙorafin gishiri. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga ƙoramun da zaƙinsu ba ya cutarwa. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.